Kwalbar Teretia

A Brighton, hawa na uku, inda taga ke kallon teku,
mu goma sha tara muka zauna, shayi na hucewa a kofin takarda.
Farfesa Aldridge ya haska bango:
jan layi na hawa, shuɗi na gangara,
tsibirai kamar riɗi da aka barbaɗa a faifai.
Ya ce nan da shekara talatin.
Ya ce kashi kaza cikin ɗari.
Muka gyaɗa kai, mu masu biro.

Sai Teretia ta ɗaga hannu.
Kwana uku ta yi a hanya, jirgi huɗu,
ga rigar sanyin aro ta fi ƙarfin kafaɗunta.
Ba ta zo da allo ba.
Kwalba ta ciro daga jaka, ta dire a tebur.
Ta ce, "Rijiyar mahaifiyata ce. Kowa ya kurɓa."

Kwalba ta zaga.
Wani ya sunsuna ya miƙa gaba,
wata ta duba agogo.
Da ta iso gare ni na kurɓa.
Gishiri.
Ba mai yawa ba, daidai wanda zai kashe shuka
ya bar mutum da rai yana kallo.

Ta ce, "Rahotonku shafi ɗari huɗu ne, na karanta.
An ƙirga mu, an auna mu, har hotonmu ya yi kyau.
Amma wa ya zaɓi tambayar?
A garinmu akwai rumfar taro,
tsofaffi na musu a ciki tun kafin a ƙera biro.
Ku kawo alƙalumanku can, cikin harshenmu,
ku ga yadda masunci ke kwance lissafi
kamar yadda yake kwance ƙullin taru."

Ɗakin ya yi tsit, sai kukan bututun ɗumama ɗaki.

Ni kuwa na tafi Doron Baga ban motsa ba.
Nata ruwan zuwa yake, namu tafiya ya yi.
Na tuna Baba da kwale-kwalensa kife a kan yashi,
da baƙin da suka zo da farar mota,
suka auna tabki, suka auna kifi,
suka sha ruwan randarmu, suka yi godiya.
Mutumin da ya san kowace kwana ta ruwan nan,
ba wanda ya ce masa, "Malam, me ka gani?"
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
amma mu da muka yi boko
mun fi son hawa rufi da ma'auni.
Yau ga ni, shekara shida ina rubutu kan mutanen da ban gaisa da su ba.

Da yamma muka sauka bakin teku.
Babu yashi a nan, tsakuwa ce zalla, tana ƙara ƙarƙashin takalmi.
Muka sayi kifi da dankali a takarda,
wani farin tsuntsu marar kunya ya fizge rabin nata.
Ta yi dariya har da hawaye:
"Ko shi bai nemi izini ba."

A bayan takardar mai maiƙo muka yi kasafi.
Awa ɗaya a rediyo duk Laraba,
minista a kujera, masu kamun kifi a waya.
Ɗalibai shida da za su bi rijiyoyi da littafi.
Ƙaramar mujalla, ko shafi takwas ne,
wadda za a iya yi wa gardama a kasuwa.
Kuɗin bai kai na shayin taronmu ba.

Ta ce, "Ba na neman a yarda da ni.
A yi mini musu, amma a gida."

Teku na ta tura tsakuwa yana janyewa.
Ta ba ni kwalbar, saura kurɓi biyu.
Tana kan teburina har yau, kusa da fasfo.